Buhu Nawa Ce Kwamfutar?

A ƙasar Funtua da Malumfashi ba a cika auna babban abu da naira ba. Naira ta bakin dillali ce. A cikin gida da buhu ake lissafi. Babur buhu kaza ne, kwanon rufin ɗaki buhu kaza, kayan ɗakin yarinya buhu kaza. Shi ya sa manyan bukatu suke jiran Nuwamba da Disamba, lokacin da aka karya masara aka sussuke, manyan motoci suka yi jerin gwano a kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua suna lodi. A 'yan shekarun nan wata baƙuwa ta shigo cikin wannan lissafi, wato kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗalibi. Abin da ya raba ta da sauran bukatu shi ne, farashin masara a nan gida ake yanke shi, nata kuwa da dala ake yankewa a wata duniyar da ba ta san damina ta yi kyau ko ta yi gardama ba.

Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kwamfutar dala 900, wadda a tsohon lissafi ba ta kai naira 420,000 ba, ta koma miliyan ɗaya da dubu 350 ba tare da an ƙara mata ko ƙusa ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren, a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi alhali taki bai sauko ba. A ce buhu yana naira 60,000, waccan kwamfuta buhu 22 da rabi ce. A ce ya faɗo 30,000, ta zama buhu 45. Matsakaicin abin da hekta guda ta masara ke bayarwa a Najeriya bai wuce wajen tan 2 ba, buhu 20 ke nan. Saboda haka idan yaro ya ce yana son laftof mai ƙarfi, abin da kunnen mahaifinsa ya ji shi ne amfanin hekta biyu da ɗoriya, tun ba a cire kuɗin taki da huɗa da na 'yan ƙwadago ba.

Haka ta faru a wani gida da ke wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Bakori. Maigidan manomin masara ne da waken suya, yana kuma turke sa ɗaya ko biyu duk shekara. Ɗansa na fari yana aji biyu a sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma da yake ɗan fari ne uban ba ya kama sunansa. Da yaron ya zo hutu ya jira sai bayan sallar isha'i, ya durƙusa a gefen tabarma.

"Baba, zango mai zuwa za mu koma zane da kwamfuta. An ce kowa ya zo da tasa."

"To, ba ga wadda kawunka ya ba ka ba?"

"Ku yi haƙuri, Baba, waccan ta rubutu ce. Ba za ta ɗauki aikin ba."

"Ita wadda za ta ɗauka ɗin, buhu nawa ce?"

Yaron bai taɓa juya kuɗin zuwa buhu ba. Abin da ke cikin wayarsa hoton wata baƙar kwamfuta ce mai madannai masu walƙiya kala-kala, da jerin lambobi a ƙarƙashinta. Akwai kuma abin da bai faɗa ba. Kamar yawancin sa'o'insa, a gidan gem ya tashi, inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya-ɗaya a PlayStation, wanda aka ci ya miƙa wa na baya. Yana son injin da zai ɗauki EA Sports FC, wasan ƙwallon da har 2023 ake kira FIFA, da kuma GTA V. Lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 na kashewa a wata. Ba zai sayi kwamfuta ba. Ko dai daga rumbu, ko a haƙura.

Ya kamata a yi wa yaron adalci. Ba ƙarya ya yi ba. A karatun irin nasa, abin da wasa ke bukata da abin da aiki ke bukata sun haɗu a wuri ɗaya, wato katin sarrafa hoto, wanda masu shago ke kira girafik. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, furosesa, tana da 'yan ma'aikata ƙwararru kaɗan da ke yin aiki iri-iri bi da bi. Katin hoto kuwa gayya ce: dubban ƙananan ma'aikata suna yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda. Lissafin yadda haske ke faɗa wa bango ya koma ƙasa, ko a filin ƙwallon wasa ne ko a zanen asibitin da malami ya ba da, duk aikin gayyar ne. Zanen shimfiɗe na AutoCAD ba ya wahalar da inji sosai. Revit da SketchUp sun fi jingina da furosesa da yawan ram, wato faɗin teburin da kwamfuta ke baza aikin da take kai. Amma ranar da aka ce a fito da ginin kamar hoto, da inuwa da gilashi da bishiyoyi, a Lumion ko Twinmotion ko Blender, tsohuwar kwamfutar kawu za ta kwana tana nishi ba ta gama ba.

Sai dai wannan hujja ba ta kowa ba ce, ko da yake kowa yana aro. Ɗalibar da ke zana katin biki da fastar 'yan siyasa a CorelDRAW da Photoshop ba ta da bukatar katin hoto mai tsada. Abin da zai cuce ta allo ne. Yawancin kwamfutocin wasa masu rangwame da allo suke rage kuɗi: idan takardar ta ce kashi 45 na NTSC, allon ba ya nuna cikakkiyar kala, ja yakan karkata zuwa ruwan goro, kore ya kode. Ita za ta daidaita kala da idonta, a je wurin bugawa a fito da wani abu daban, mai biki ya ce ba haka ya gani ba. Wadda ta dace da ita ita ce mai kashi 100 na sRGB, ko da kuwa ba za ta iya GTA ba. Mai haɗa bidiyo yana tsakiya: ram da ma'adana mai sauri sun fi masa muhimmanci, katin hoto ya biyo baya. Tambayar farko ke nan, kuma a sashe ake samun amsarta, wurin 'yan aji huɗu da suka riga suka sha wuyar: waɗanne manhajoji ake buɗewa a zahiri, kuma a wane zango?

Daga nan sai rikicin sunaye. A kasuwa kalmar da ta fi sayar da kwamfuta ita ce i7, kamar yadda a kasuwar shanu ake cewa farin sa. Amma farin sa na iya zama tsoho. Core i7-7500U na 2016 ma'aikata biyu gare shi; Core i5-12450H na 2022 takwas. Lambobin farko bayan ɗan layin su ne haƙoran da ake dubawa, domin su ke faɗin zubin shekara. Akwai kuma iyaka da Microsoft ta shata: Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa, kuma tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina kula da Windows 10 ta yau da kullum. Duk i7 da ke ƙasa da zubi na 8, komai ƙyallinta, injin da zamani ya fara juya wa baya ne.

Katin hoto ma yana da nasa ɓoyayyen haƙori. Kamfanin Nvidia ya bar wa masu ƙera kwamfuta damar ba RTX 4060 na laftof wuta daga wat 35 har zuwa 115. Kwamfutoci biyu za su ɗauki tambari ɗaya, amma siririyar da aka ƙayyade wa wuta kaɗan ba za ta kamo mai kaurin ba. Sai kuma ma'ajiyar katin kansa: gig 6 a RTX 4050, gig 8 a 4060. Idan zane ya fi ƙarfin wannan ma'ajiya, manhaja takan yi ta tsalle ko ta rufe kanta, sau da yawa a daren da za a miƙa aiki.

Duk wannan ana iya karanta shi a intanet, kuma yaron ya karanta. Abin da masu gwajin kwamfuta na YouTube ba sa faɗa, domin a ɗakunansu ba matsala ba ce, shi ne wuta. A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma uban ne ya tono ta ba tare da ya san sunan ko sashe ɗaya na injin ba. Tambayarsa ta mai kiwo ce:

"Kai yaro, me take ci?"

Kwamfutar wasa idan tana cikakken aiki takan ja wat 150 zuwa 200, shi ya sa cajarta take kamar bulo. Batirinta kuwa ba ya wuce ma'aunin wat-awa 100, domin nan ne dokar jiragen sama ta tsaya, kuma masu rangwame yawanci tsakanin 50 da 60 suke. A raba wannan da wancan, za a ga cewa da cikakken ƙarfi batirin ba zai kai awa ɗaya ba. Shi ya sa da zarar an zare caja injin yake rage wa kansa gudu. Ma'ana, ƙarfin da aka biya buhu 45 dominsa yana nan ne kawai muddin akwai wuta a soket. Idan aka ɗauke, abin da ya rage a hannu kwamfuta ce mai nauyi, mai saurin mutuwa, wadda siririyar ta ofis za ta riga ta kai asuba.

A Samaru ɗalibi zai iya bin wuta inda take, ya kwana a ɗakin zane tare da 'yan ajinsu. Amma karatun jami'a a Najeriya ba a jami'a kaɗai ake yin sa ba. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ɗalibai a gida suka cinye shi. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ga mai cewa a dogara da intanet, a yi aikin a manyan injunan wasu ƙasashe a karɓo sakamako, sai a tuna masa Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Mutane sai sun yi tafiya kafin su aika saƙo. Inji a wannan yanki dole ya iya tsayawa da ƙafarsa.

To, a ce sola. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana riƙe wat-awa 1,200 a rubuce. Idan irin na dalma ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 600 ke nan, inbata kuma ta ci nata. Kwamfutar da ke jan 180 za ta lashe wannan cikin awa uku. Siririyar da ke caji da wat 65, wadda a aikin rubutu ba ta jan ko rabin hakan, za ta kwana a kai. Kuɗin faifan sola da batir da inbata wani ɓangare ne na kuɗin kwamfutar, ko an rubuta shi a rasiti ko ba a rubuta ba. Janareto kuwa, tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowace awa da kuɗinta.

Bayan wuta sai zafi da ƙura, waɗanda suke aiki tare. Fankar kwamfuta ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take zuƙa ta wanke zafin injin da ita. Kamfanoni da yawa, har da Apple, suna rubuta cewa a yi amfani da na'urorinsu a wurin da bai wuce digiri 35 ba. A bazara, Maris da Afrilu, zafin rana a yankin yakan kusanci 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuwa ya fi haka. Idan furosesa ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu don ta tsira. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa mai laushi kamar gari, ga ƙaiƙayin sussuka, su taru su toshe siraran haƙarƙarin da iska ke bi. Wanda ya ɗora ta a kan katifa ya rufe mata hanci gaba ɗaya. Saboda haka a nan mai kauri, mai manyan ƙofofin iska, wadda za a kwance gindinta da sukundireba a share, ta fi siririya mai kyan gani. A kuma duba ko ram ɗinta na cirewa ne ko an liƙe shi, domin mai cirewa za a iya farawa da gig 16 a ƙara daga baya.

Wani zai ce MacBook fa? Gaskiya ne, tun da Apple ya fito da M1 a Nuwamban 2020 kwamfutocinsa suka zama ba su da na biyu wajen ƙarancin cin wuta. MacBook Air ko fanka ba ta da ita, balle ƙura ta toshe. Ga mai haɗa bidiyo ko sauti a garin da wuta ke wasan ɓuya, zaɓi ne na hankali. Amma Revit da Lumion na Windows ne, wasan ƙwallon da yaron ke so ma ba a yi shi don Mac ba, kuma gyaranta sai manyan birane. A gidan da muke magana ba a daɗe a kanta ba.

Uban ya so a jira farashin masara ya tashi, kamar yadda aka saba yakan tashi daga bazara zuwa tsakiyar damina. Jira yana da hujja, amma ba kyauta ba ne: a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Kuma buhunan da ke sito ba rara ba ne. Su ne takin baɗi, su ne kuɗin makarantar ƙannen. Wanda ya sayar da su da kaka a farashin ƙasa, ya zo Yuni ba taki, ya sayi kwamfuta ne da kaka biyu. Uwar yaron ce ta kawo maganar sa. An turke shi don babbar salla, kuma sayar da shi kafin lokaci asara ce, amma asarar da ke tsayawa a shekara ɗaya.

Kano aka nufa, inda titin Beirut da kasuwar Farm Centre suke cike da sababbi da tokumbo. Sababbi masu rangwame, irin su Lenovo LOQ da HP Victus da Acer Nitro da Asus TUF, suna da daɗin sabon batir. Na hannu kuwa, tsofaffin kwamfutocin wasa da injunan ofisoshin injiniyoyi irin su Dell Precision da HP ZBook, suna ba da ƙarfi a farashi mai sauƙi, tare da tarihin da ba a sani ba. Kwamfutar wasa ta hannu ta sha zafi shekara da shekaru a hannun wani. Kawun yaron, wanda ya raka shi, ya kafa sharaɗi ɗaya: ba cinikin biri a sama. Ba za a tura kuɗi don hoton WhatsApp ba, kuma ba za a biya ba sai an kunna.

Sun yi fiye da awa ɗaya a wani shago. Yaron ya zo da aikinsa mafi nauyi a filash, ya buɗe, ya bar injin yana fitar da hoto yana kallon ma'aunin zafi. Ya rubuta umarnin powercfg /batteryreport, wanda ke nuna abin da batir yake riƙewa yana sabo da abin da ya rage masa yanzu. Ya buɗe farin shafi da baƙi don neman tabo a allo, ya taɓa kowane madanni, ya buɗe murfin ya rufe yana sauraron maƙalarsa. Ta farko ta faɗi a gwajin zafi: minti goma fankarta ta fara kuka, gudun ya zube. Mai shagon ya ce shara kawai take so. Kawun ya ce to a share a kira su. Ta biyu mai RTX 3060 ce, katin 2021 mai gig 6, da ram gig 16, da cajarta ta asali. Batirinta ya gaji, ya rage wajen kashi biyu cikin uku. Madannanta ba sa walƙiya kala-kala. Ita aka ɗauka, aka rubuta lambarta a rasiti tare da kwanakin da aka yarda za a iya dawo da ita.

Kuɗin san bai ƙare ba, kuma ragowar ce ta sayi faifan sola da batir da ƙaramar inbata, aka cika da buhu uku. Wannan ɓangaren ne uban ya fi fahimta, domin ya kawo ƙwan fitila a tsakar gida, ya kuma raba mutanen gidan da kai waya wurin mai caji. A kan hanyar dawowa kawun ya ce wa yaron ya san da maganar gem, kuma ba zai kai ta gaba ba, amma ya sani batirin gida ɗaya ne.

Haka kuwa aka yi. Da rana, lokacin da faifan ke zuba wuta, ɗakin ya yi zafin da injin ba ya so, sai dai a fito da shi zaure a ɗora a kan benci, a tokare bayansa da katako don iska ta shiga. Da dare ɗaki ya yi sanyi, amma abin da ke cikin batir awa uku ne in an matsa, kuma fitilar tsakar gida da wayoyi suna da rabonsu. Hoton gini guda mai kyau yakan ci kusan rabin wannan. Abokansa na gidan gem sun fara zuwa bayan isha'i da nasu hannuwan wasa, su zauna a zaure suna jira ya gama. Wani daren a buga wasa biyu. Wani daren kuma inbata ta fara ƙara tun zanen bai kai ƙarshe ba, ƙanwarsa ta leƙo ta ce Inna ta ce a bar mata wuta, ba ta gama tankaɗe ba.